Kwanakin rufe iyaka a Ɗan Barto

Litinin, 7 ga Agusta 2023

Wa'adin mako ɗaya da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta bai wa sojojin da suka yi juyin mulki a Yamai ya cika jiya. Ba a ji harbi ba, amma ƙofa tana rufe tun bayan taron Abuja na 30 ga Yuli. Da hantsi na taka zuwa bakin iyaka. Manyan motoci sun yi layi, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu. Kwangwalam ta ɓangaren Najeriya ga ta can, kana hango rufin kwanonta, amma ta fi Agadas nisa.

Talata, 8

An kwana ana ruwa. Tun da makaranta na hutu, na ɗauko littafin tarihin da nake shirya darasi da shi, na faɗa kan babin sintirin teku. A 1807 Ingila ta hana 'yan ƙasarta fataucin bayi, a 1808 ta tura jiragen yaƙi biyu kacal su tsare gaɓar Afirka ta Yamma. Babu inji a lokacin. Manyan ƙyallaye ake ɗaurawa a dogayen itatuwa iska ta tura, in iska ta ɗauke sai jirgi ya tsaya cik. Matuƙa kan yi makonni a bakin kogi suna dako, zazzaɓi na ɗibarsu ɗaya bayan ɗaya. Cikin shekara hamsin da 'yan kai sun kama jirage wajen 1,600, suka 'yanta mutum kusan 150,000. Waɗanda aka sulale da su cikin dare sun ninka haka sau da yawa.

Laraba, 9

Rediyo ta ce tsohon Sarkin Kano Sanusi ya gana da Janar Tiani, shugaban sojojin juyin mulkin, a Yamai. Inna ta aike ni awon masara, na dawo da abin da bai kai na makon jiya ba, kuɗin kuwa ɗaya ne. Ta leƙa buhun ta ce, "Ɗan nan, ko ka zubar a hanya ne?" Rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. A irin wannan watan ne muka fi dogara da hatsin da ke shigowa daga kudu.

Alhamis, 10

An sake zama a Abuja, an ce a shirya rundunar ko-ta-kwana. Na kasa barci, na koma littafi da tocila.

Mutanen da aka ƙwato a teku galibi Freetown ake sauke su, a Saliyo, kuma akwai Hausawa a cikinsu. A bakinsu wani Bajamushe mai suna Schön ya fara koyon Hausa, har ya buga littafin kalmomi a 1843. Wannan ya taɓa ni ƙwarai: mutum an raba shi da gida, an tsamo shi daga cikin jirgi, ba shi da komai sai harshensa, shi ne kuma ya bayar aka rubuta.

Sai dai sintirin bai iso nan ba. Dorugu, wanda daga baya ya zauna da Schön a Ingila, ɗan Dambanas ne, kusa da Kance, ƙasarmu ke nan. Yana yaro aka kama shi aka kai Damagaram, daga nan Kukawa. Wannan hanyar ba jirgin da ya tsare ta.

Juma'a, 11

Bayan masallaci wani dattijon direba ya kira ni shan shayi. Na ba shi labarin jiragen. Ya daɗe yana juya butar a kan gawayi, sannan ya ce, "Malam, su waɗancan mutane suke nema su kwance. Mu me aka samu a motarmu?" Ban iya ba shi amsa ba. Turawan ma ba don Allah kaɗai suka yi ba, da jiragen nan suka yi wa Legas luguden wuta a 1851. Amma aƙalla abin da suke tarewa ya cancanci a tare shi. Hana abinci da magani ratsawa tsakanin Daura da Matamaye zalunci ne, ko wa ya sa hannu.

Lahadi, 13

Ranar kasuwar Mai'aduwa. Tun asuba nake jin kukan babura ta cikin gonaki, 'yan kabu-kabu da buhu bibbiyu a baya. Mai gonar da ke bayan gidanmu ya zo yana nuna mini geronsa da aka tattake, layi uku. Motocin bakin iyaka suna nan yadda na bar su ran Litinin.