Tikiti shida, mu goma sha uku: tafiyarmu zuwa Disney World

Da yawanku kun san na yi wata biyu a Amurka wajen ƙanwata, kuma tun da na dawo ake tambayata labarin wurin wasan nan da kuka ga hotunansa a waya. Zan ba ku labarin wurin. Amma sai na fara da lissafin da muka yi kafin mu taka ƙofarsa, don da lissafin nan bai yi ba, da tafiyar ta raba gida biyu.

Ƙanwata tana zaune a Girinsboro, cikin jihar Karolina ta Arewa, garin da ƴan Nijar suke da yawa ƙwarai. Ɗanta na fari sojan Amurka ne, yana aiki a babban barikin da ke kusa da garin Fayetbil. A ƙasar nan kamfanoni da yawa suna yi wa soji ragi, kuma Disney World, babban wurin shaƙatawa da ke kusa da Orlando a jihar Fulorida, yana da tikiti na musamman dominsu. Sojan da ke bakin aiki ko wanda ya yi ritaya yana iya saye, matarsa ma tana iya saye a madadinsa. Ana samunsa a biron tikiti na cikin bariki, inda ba a ɗora masa haraji.

To, ragin yana da sharuɗɗa. Tikiti shida kaɗai ake ba gidan soja a shekara, kuma dole ɗaya ya zama na sojan ko na matarsa. Sauran biyar yana iya ba dangi ko abokai, amma ba a sayar da su don riba. Ranar farko sai shi ko matarsa ya tsaya a tagar masu tikiti da katin shaida na soja kafin a buɗe su. Akwai ranakun da ba sa aiki, kamar makon babban bikinsu na ƙarshen Nuwamba, kuma kowace shekara ana sabunta ƙa'idar. Ana ƙara wa soja tikiti in ƴaƴansa na cikinsa sun sa gidan ya wuce mutum shida. Nan ne muka ga bambancin abin da suke kira iyali da abin da muke kira iyali. A takardarsu iyali shi ne miji da mata da ƴaƴa. Babu inna, babu gwaggo, babu baffa.

Mu kuwa ga yadda muke: ni, da ƙanwata da mijinta, da sojan da matarsa da yaransu biyu, da ƙannensa uku, da ƙanen mijin ƙanwata da matarsa da ɗiyarsu. Goma sha uku cif. Jinjirin sojan bai kai shekara uku ba, irinsu kyauta suke shiga. Saura tikiti goma sha biyu, shida masu ragi, shida na kowa da kowa.

Bari in ba ku misali da kuɗinmu, don a gane lissafin kawai, tunda farashi yana canzawa. Kar ku manta dalar Amurka ba dalarmu ta sefa biyar ba ce, ita a lokacin tana kai-kawo wajen sefa 600. A ce tikitin kwana huɗu mai ragi jika 200 ne, na kowa kuma jika 350. Gida mai mutum uku da bai samu ragi ba zai biya jika 1050, wanda ya samu zai biya 600. Mota ɗaya za su shiga, tukunya ɗaya za su ci, ga bambancin jika 450 a tsakaninsu.

Maganar ta taso tun ina gida, wata goma kafin tafiyar, ta WhatsApp. Ƙanwata ta ce iyaye ne gaba: ita, da mijinta, da ni baƙuwa, sai gidan yaron. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Da baffan yaran ya ji haka sai ya ce a yi haƙuri, su aiki ya yi musu yawa, ba za su samu zuwa ba. Kowa ya san ba aiki ba ne. Wata ƙanwar sojan ta ce a riƙa karɓa-karɓa, wanda ya shiga yau ya ba wani gobe. Sojan ya ce ba ya yiwuwa, don a ƙofa ana ɗora yatsa a kan na'ura, tikitin yana manne da mai shi.

Ƙanwata ta kira ni da dare ta ce, “Yaya, ke da kike raba kuɗin mata talatin ba a yi faɗa ba, ki raba mana wannan.”

Na ce a daina tambayar wa zai riƙe tikiti mai ragi, a tambayi nawa ne kuɗin shiga na gidan duka. Shida sau 200, jika 1200. Shida sau 350, jika 2100. An haɗa, 3300. A raba goma sha biyu, kowane kai jika 275. Tikiti masu ragi a rubuta su da sunan manya, tunda a cikin na kowa da kowa na yaro ɗan shekara 3 zuwa 9 ya ɗan fi sauƙi, abin da ya ragu ya koma cikin asusu.

Ba kowa ya yi murna nan take ba. Matar sojan ta yi shiru kwana biyu, sa'an nan ta ce mini, “Inna, ba rowa ba ce. Amma ragin nan ba tsintarsa aka yi ba. In an tura shi nesa wata da watanni, ni kaɗai nake kwana da yara da fargaba.” Gaskiyarta ce. A sabon lissafin gidansu zai biya jika 225 fiye da abin da ya kamata ya biya. Sai muka zauna kuma. Aka yarda gidan sojan ba zai sa ko dala a kuɗin mai da kuɗin ajiye motoci ba, sauran gidajen su ɗauka. Aka rubuta, na karanta wa kowa a murya, kowa ya amsa da bakinsa. Daga nan zubi ya fara, kowane sati. Matar baffa ce mai ajiya, littafin yana hannuna a Maraɗi. Nawa kason ƙanwata ce ta zuba.

A watan Yuni muka kama hanya, bayan yara sun samu hutun makaranta, motoci biyu masu kujera bakwai-bakwai. Can ba a ɗora yaro a cinya, kowane ƙarami da kujerarsa ta ɗauri. Daga Girinsboro zuwa Orlando wajen kilomita 1000 ne, ya ɗan zarce Yamai zuwa Damagaram. Muka ratsa Karolina ta Kudu da Jojiya, itatuwa kore shar hagu da dama. Mun fita bayan asuba, muka isa bayan magariba.

A cikin filin Disney World akwai otel na soji mai suna Shades of Green, rundunar Amurka ce take tafiyar da shi, kuma kuɗin ɗaki yana bin girman igiya: ƙaramin soja ya fi biyan kaɗan. Mu da yawanmu sai mun kama ɗakuna da dama, ga abinci sau uku a waje. Sai muka yi hayar gida guda na mako a Kisimi, garin da ke maƙwabtaka da wurin, mai ɗakin girki. Wannan shawara ta fi ragin tikitin cece mu. An yarda mutum ya shiga wurin wasan da abincinsa, ban da kwalba ta gilashi da ƙanƙara a zube. Kowace safiya muna cika kuloli da shinkafa da wake, da soyayyar kaza, da fanke, mu daskarar da zoɓo cikin robobi. Ruwan sha mai sanyi kuwa ana ba da shi kyauta a kofi in kika tambaya a rumfunan abinci. Kuma hankalinmu ya kwanta kan abin da muke ci.

Wurin kansa, ƴan uwa, gari ne. An buɗe shi ranar 1 ga Oktoba 1971, a filin da da can fadama ce da daji, kuma faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 100. Manyan filayen wasa huɗu ne a ciki: Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom. Kowanne muka ba shi yini, muka huta kwana ɗaya a tsakiya. Tikitin soja ba ya matsa wa mutum, ana iya warwatsa kwanakinsa cikin shekara, amma na kowa da kowa yana ƙarewa cikin ƴan kwanaki, sai muka bi nasa lokacin.

Magic Kingdom ba a isa ƙofarsa da mota. Ana ajiye mota nesa, a shiga jirgin ruwa a ƙetare tafki, ko jirgin ƙasa mai gudu a sama kan dogo ɗaya. A tsakiya akwai fada mai tsini-tsini, tsawonta wajen mita 57, ninki biyu na hasumiyar masallacin Agadas. Zafin Fulorida ba irin namu ba ne, mai gumi ne, kamar kin tsaya kan tukunyar dambu. Kusan kullum bayan azahar hadari yake haɗuwa, a yi tsawa, a zuba ruwa, a ɗauke. Ana yin tafiyar ƙasa yini zur, kuma layi yakan kai awa guda don lilon minti uku. Ni ban hau masu juya mutum ƙasa da sama ba. Na zama mai tsaron jakunkuna da jinjiri, kuma ban yi asara ba, kallon mutane ma abin kallo ne. Lokacin salla mukan nemi lungu mai inuwa mu shimfiɗa darduma bi da bi.

A EPCOT an kewaye wani tafki da unguwannin ƙasashe 11, kowace da gininta da abincinta. Daga Afirka Maroko ce kaɗai, an buɗe tata a 1984, kuma Sarki Hasan na biyu ne ya aiko magina suka yi zanen bangon. Akwai hasumiya da aka kwaikwayo daga ta Kutubiya a Marakesh. Can na fi jin kamar ina kusa da gida.

A Animal Kingdom aka sa mu cikin babbar mota buɗaɗɗiya aka zaga da mu wani daji da aka shirya kamar na gabashin Afirka: giwaye, dorina, zakuna, raƙuman dawa. Kukokin da ke ciki na siminti ne, ido na Bahaushiya ba ya ɓata kuka. Jikokin ƙanwata suna ihu sun ga raƙumin dawa. Na ce musu a ƙasar kakanninsu, a Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai kan hanyar Doso, raƙuman dawa suna yawo cikin gonaki ba shinge. A 1996 saura kusan 50 suka rage, yau sun haura 600 saboda kiyayewa. Babbar ta ce, “Kaka, da gaske?” Ta sa ubanta ya yi mata alkawarin kai ta.

Abu ɗaya ya sa na gane maganar surukarmu sosai. Kullum da ƙarfe biyar na yamma ana sauke tutar ƙasar a dandalin shiga Magic Kingdom, da kiɗa, kuma ana zaɓo soja ko tsohon soja cikin baƙi a girmama shi. Namu yana cikin taro da kayan gida, ya ƙame tsaye. Ƙanwata ta ja gyale ta rufe fuska. A cikin ƙungiyoyinmu ma akwai uwayen soji da matansu, sun san abin da ke ƙarƙashin gyalen nan.

Na san wata za ta ce miliyan uku da ɗoriya a kuɗin shiga kaɗai, ai jarin mata da yawa ne. Haka ne, ni ma na faɗa musu. Amma kuɗin guminsu ne na can, inda albashi da tsada suke tafiya tare, ba wanda ya ci bashi, kuma an yi shekaru gidan bai haɗu wuri guda ba.

Ga abin da nake so mu riƙe, don irin wannan yana zuwa mana da wata riga: taki mai ragi na mutum goma a ƙungiyar mata talatin, ko kujera biyar a mota zuwa taro. Kafin a yi guɗa, a tambayi ragin na mutum nawa ne da sharuɗɗansa. A haɗa kuɗin duka, na masu ragi da na marasa ragi, har da mota da kwana da abinci, sa'an nan a raba. Wadda ragin ya zo ta hannunta a fitar mata da haƙƙinta a fili, kar a bar ta ta haɗiye. A rubuta, a karanta a gaban kowa tun kuɗi bai fita ba.

Ƙungiyarmu ta sa maganar cikin taron wata mai zuwa, don muna son kai yara gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai bayan rabon asusu. Duk ƙungiyar da ta taɓa yin irin wannan fita, ta aiko mana yadda ta raba kuɗin.