Ka biya kuɗi, allo ya yi baƙi

Da wuya ka shiga ɗakunan ɗalibai ba ka tarar da tsohuwar monita ta gwanjo ba, wadda ake jona wa laftof don mutum biyar su kalli abu ɗaya. Tana nuna aikin aji, tana nuna bidiyon biki, amma da zarar an buɗe fim ɗin da aka biya kuɗinsa a intanet sai ta yi baƙi ƙirin, ko dai murya na fita ba hoto, ko fim ɗin ya ƙi tashi gaba ɗaya. Mutane da yawa sai su ce monita ta mutu. Lafiyarta ƙalau, kulle ne aka sa.

Sunan kullen HDCP, kamfanin Intel ne ya ƙirƙiro shi don hana kwafar fim a kan hanyarsa daga kwamfuta zuwa allo. Kafin hoto ya wuce, sai na'urorin biyu sun yi musayar mabuɗi. In monita ba ta amsa ba, a rufe ƙofa ko a rage kyan hoton. Wayar VGA, mai shuɗin kai ɗin nan, tun 1987 take, ba ta ma san da wannan gaisuwa ba. HDMI ce ta iya, kuma fim mai 4K yana neman HDCP 2.2.

Da hutun salla na kai tawa monitar gida Tsafe don ƙannena su kalli wani fim ɗin Hausa da na biya. Allo ya ƙi. Ƙanena ya ce, "Yaya, ba ni ɗari biyu kawai, yanzu in je wajen 'yan dawunlodin." Abin da ya dame ni, gaskiya ya faɗa: kwafin sata ba ya tambayar monita komai. Wanda ya biya shi kulle ke kamawa.

Ban ba shi ba. Satar fasaha na cikin abin da ya kashe kasuwar faifan Kannywood, ba na son in ƙara hannu. Na jira na shiga Gusau, na yi musanyar monitar da mai ramin HDMI a wajen masu kayan kwamfuta, na cika kuɗi. Wani abokina a Bungudu ya gwada ɗan abin da ke juya HDMI zuwa VGA, yau ya yi, gobe ya ƙi.

Shawarata ga mai shirin saye: ka je da laftof ɗinka, ka jona HDMI kai tsaye, ka kunna fim mai kulle a gaban mai shago kafin ka ƙirga kuɗi. Masu sayar da fim a intanet kuma su riƙa faɗa wa mutum irin allon da ake buƙata tun kafin ya biya. Ɗalibin da ya biya sau ɗaya ya ga baƙin allo, da wuya ya sake biya.