Kafin Ki Zaɓi Manhajar Tace Bidiyo

 A wannan mako ina so mu yi magana a kan wani abu da matan aure da 'yan makaranta suka sha tambayata, watau wace manhaja ce ta dace a sa wa kwamfutar gida don tace bidiyo.

Yanzu da wuya a yi suna ko biki ko walimar saukar Alƙur'ani a Kaura Namoda ko Zurmi ba a ɗauki bidiyo da waya ba. Haka nan masu ɗinki da masu turaren wuta suna ɗaukar kayansu don nuna wa masu saye. To, in an gama ɗauka sai a rasa mai yankewa da haɗawa, sai a ba wani yaro ya kai shago. Ki tuna fa, a cikin bidiyon nan akwai matan aure ba mayafi, suna raha a tsakar gida, sun saki jiki domin sun san su kaɗai ne. In ya fita daga hannunki ba ki da sauran iko da shi, ba ki kuwa san wayar da zai kwana a ciki ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake so kowace mai kwamfuta ta koyi aikin nan da hannunta. Ba shi da wuya, wadda ta iya yanka atamfa ta haɗa riga, lalle za ta iya.

Da farko ki san ƙarfin kwamfutarki, gama ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Abin dubawa shi ne ƙwaƙwalwar aikinta, wadda masu gyara ke kira ram. In giga 4 gare ta, ƙaramin bidiyo kaɗai za ta iya ja. Giga 8 ya isa aikin biki da suna. Akwai wata manhaja mai suna DaVinci Resolve, kyauta ce, masu shirya fina-finai ma suna aiki da ita, amma tana son giga 16, in ba haka ba sai ta riƙa tsayawa. In ba ki san yadda ake dubawa ba, ki tambayi wata ɗiyar dangi da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura, ta nuna miki.

Sa'an nan ki tambaya, shin tana aiki ba tare da intanet ba? Mu nan ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Manhaja irin su Clipchamp, wadda ke zuwa tare da Windows 11, tana neman intanet kafin ki yi aiki da ita. Amma Shotcut da Kdenlive, da zarar an sa su shi ke nan, ko kina ƙauyen da ba sabis za su yi miki aiki. Su biyun nan kyauta ne, ba sa buga tambarinsu a kan hotonki, kuma suna ajiye aiki da kansu lokaci lokaci, abin da ke da amfani ƙwarai a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama. Ni dai Shotcut nake fara koya wa 'yan mata, domin fuskarta ba ta da cunkoso.

Ki kuma lura da kalmar nan kyauta. Wasu, kamar Filmora, suna barin ki yi aikin duka, sai kin zo fitarwa ki ga sun manna tambarinsu a kai, ba zai fita ba sai kin biya. Adobe Premiere Pro kuwa haya ake yi, wata wata ko shekara shekara, ran da kika daina biya ta daina aiki. CapCut tana da sauƙi, 'yan mata na son ta, amma abubuwa da yawa a cikinta sai da kuɗi.

Abin da na fi ja muku kunne a kai shi ne manhajar sata, wadda ake zuba wa mutane a shago da araha. Sau da yawa tana ɗauke da cutar kwamfuta, ta lalata hotunan da kika yi shekaru kina tarawa, ko ta buɗe wa ɓarayi hanya. Haka nan in wani ya ce zai sa miki Windows Movie Maker, ki yi hattara, kamfanin Microsoft ya janye ta tun 2017. Ki sauko da manhaja daga shafin masu ita kaɗai.

Mai sayen keken ɗinki a kasuwar Shinkafi ran Alhamis ba ta biya sai ta ga ya ja zare a ƙyalle. Ke ma ki yi haka. Ki ɗauki bidiyon minti biyu, ki yanke, ki sa rubutu, ki fitar, ki kalla a waya. In murya ta tafi daidai da baki, kwamfuta kuma ba ta tsaya ba, to, kin sami abokiyar aiki. Kada kuma ki goge asalin bidiyon, ki kwafe shi a filash ki adana a akwati. Kafin ki aika wa kowa kuwa, ki nemi yardar matan da ke ciki.

Allah ya tsare mana mutuncinmu, ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.