Abin da Na Koya a Zauren Tsohon Ɗan Wasa

Ina da shekara ashirin da huɗu na fara zuwa zauren wani dattijo a cikin birnin Kano, mutumin da ya yi tashe a wasan kwaikwayon talabijin tun kafin a haife ni. Ranar farko na je da littafi da biro da jerin tambayoyi. Na durƙusa na gaishe shi, ya nuna mini gefen tabarma, ya ɓare goro ya miƙo mini ɓari. Sai ya ce, "Yaro, a cikin wasannina wanne ka kalla tun daga farko har ƙarshe?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To je ka kalla, ka dawo. Ƙofa a buɗe take."

Wannan tambayar ce ta tuna mini da labarin Peter Bogdanovich, matashin marubucin Amurka da ya zama aminin manyan Hollywood. Tun yana yaro, duk fim ɗin da ya kalla sai ya rubuta ra'ayinsa a kati ya adana. A 1961 ya rubuta ɗan littafi a kan Orson Welles, mai fim ɗin Citizen Kane na 1941. Sai a 1968 suka haɗu ido da ido. Haka François Truffaut na Faransa ya yi a 1962: sai da ya bi finafinan Alfred Hitchcock ɗaya bayan ɗaya, ya shirya ɗaruruwan tambayoyi, sannan ya zauna da shi kusan mako guda, hirar da ta zama littafi a 1966. Manya suna gane wanda ya zo don aikinsu da wanda ya zo don sunansu.

Wata biyu na yi ina bin masu tsofaffin kaset. Da na koma, na tambayi dattijon, wanda nake kira Baba, dalilin da ya sa a wani wasa ya juya wa kyamara baya lokacin da aka kawo masa labarin rasuwa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya aika jikansa ya ɗauko wani akwatin ƙarfe daga ɗaki. A ciki akwai hotuna baƙi da fari, gefensu ya yi ja, da hular da ya sa a wasan, an naɗe ta a tsohuwar jarida. Ya ce, "Dattijo ba ya kuka a gaban jama'a. Kafaɗa ce take yi masa kukan." Daga ranar ya daina ce mini yaro, ya koma ce mini ɗana.

Nan na fahimci cewa zumunci da babba yana da nauyinsa. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin fim suka yi wa Welles wuya, a gidan Bogdanovich ya zauna na tsawon lokaci, har ya ɗora masa amanar kammala fim ɗinsa The Other Side of the Wind idan ta Allah ta kasance. Welles ya rasu a 1985, fim ɗin bai fito ba sai a 2018, kuma Bogdanovich yana cikin waɗanda suka tsaya har aka gama shi. Shekara talatin da uku yana ɗauke da alkawari. Ni nawa nauyin ƙarami ne: raka Baba asibiti a Keke Napep, riƙe masa kati a layi, karanta masa takardar magani saboda idonsa ya yi rauni. A kan bencin asibitin nan na ji labaran da bai taɓa ba ni a zaure ba, na yadda mutane suke tare shi a kasuwa suna kiransa da sunan wasa, alhali a ranar babu cefane a gidansa.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne jinkiri. Ya sha ce mini in kawo na'ura in ɗauki muryarsa, ni kuma ina cewa sai na samu mai kyau, sai bayan salla. Wata asuba jikansa ya kira ni a waya. Abin da ya rage a hannuna littattafan rubutu uku ne, babu muryarsa ko ta minti ɗaya.

Cikin tsofaffin 'yan wasanmu, Kasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya bi shi a 2023. A Nijar, Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwar 'yar wasa Zalika Souley tun tana raye, shi ya sa har gobe za a ji labarinta daga bakinta. Dattawan da suka rage mana suna nan a zaurukansu, a Kano da Kaduna da Zariya da Yamai. Duk matashin marubucin da ya san ƙofar ɗaya daga cikinsu, ya fara kallon aikinsa, ya sayi goro, ya yi cajin wayarsa, ya je a makon nan.