Tazarar da ke Tsakanin Gilashi da Kudan Zuma

Wanda ya fara sha'awar ɗaukar hoton ƙananan halittu yakan zaci in ya sayi gilashin kyamara mai tsada, shi ke nan. Sai ya durƙusa gaban kudan zuma a kan fure, ya matsa, ya ƙara matsawa, inuwarsa ta rufe furen, kudan ya tashi.

Gilashi mai milimita 60 da mai 100 duka suna iya kamo ƙwaro da ainihin girmansa. Bambancinsu yana ga tazara: na 100 yakan bar kimanin santimita 14 tsakanin bakinsa da ƙwaron, na 60 kuwa bai kai goma ba. Ga abin da ke da fiffike, wannan ratar ita ta cancanci ƙarin kuɗin.

Sai maganar haske, wadda aka fi mantawa. A irin wannan kusanci, hasken da ke isa cikin kyamara yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma abin da ke fitowa tangaran bai wuce kaurin milimita biyu ba, ko da an tsuke ƙofar gilashin zuwa f/16. Mazauni mai ƙafa uku yana tsayar da kyamara, amma ba ya hana iska kaɗa fure. Ƙaramar fitilar walƙiya da aka lulluɓe da farar takarda, don haskenta ya yi laushi, ta fi shi amfani.