Waƙar da Ta Sauya Baki

A cikin waƙar "The House of the Rising Sun" akwai wani ɗan sauyi da ba kowane mai saurare ke lura da shi ba, domin mai kukan da a tsofaffin rerawa da dama mace ce da rayuwarta ta salwanta a wani gida a birnin New Orleans, ta koma namiji a bakin ƙungiyar The Animals ta Ingila a 1964. Tun a 1937 Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin baka, ya naɗi muryar Georgia Turner, 'yar shekara 16, tana rera ta a garin Middlesboro na jihar Kentucky a Amurka, alhali Clarence Ashley, wanda ya naɗe ta a faifai a 1933, ya ce wurin kakansa ya koya. Da samarin Newcastle, wato The Animals, suka ɗora mata gitar lantarki da ganguna, sai aka lasafta ta cikin farkon salon folk rock, wato haɗa waƙar gargajiya da kiɗan zamani. Haka waƙa take rayuwa, kowane zamani yana rage mata wani abu yana ƙara mata wani, sunan mai ita yana ɓacewa, amma nadama da gargaɗin da ke cikinta suna nan daram, domin ɗan Adam bai daina tuntuɓe ba, bai kuma daina fatan na bayansa su tsira ba.