Agogon Rolex da Sikelin Mai Zinare

A wurin rabon gado ake sanin gaskiyar kowace kadara. Gida a Ƙofar Ƙaura, dillalai biyu ko uku za su zo su yi masa ƙima, kuma bambancin da ke tsakaninsu ba zai taka kara ya karya ba. Shanu suna da kasuwarsu a Charanchi da Mai'aduwa. Sarƙar zinare a ɗora ta kan sikeli, a tambayi kuɗin giram na ranar, magana ta ƙare. Amma idan aka buɗe durowar mamaci aka tarar da agogon Rolex, sai zaure ya yi tsit. Kowa ya san marigayi ya saye shi da tsada, wasu ma sun ji yana cewa ajiya ce. Nawa yake yi yau, kuma wa zai saya, nan ne ake rasa mai amsa.

Maganar cewa agogo mai tsada ajiya ce tana da tushe. A watan Oktoba na 2017 an yi gwanjon Rolex Daytona na ɗan wasan fim ɗin Amurka Paul Newman a birnin New York, ya tashi a kan kusan dala miliyan 17.8. A ƙarshen 2021 wani Patek Philippe Nautilus mai shuɗiyar fuska, wanda aka yi da haɗin gwiwar Tiffany, ya kai dala miliyan 6.5. Ko Nautilus 5711 na ƙarfe, wanda kuɗinsa a shago bai wuce kimanin dala 35,000 ba, sai da ya haura dala 100,000 a kasuwar na hannu bayan kamfanin ya sanar da daina ƙera shi. Irin waɗannan labarai ne suka iso wayoyin matasan 'yan kasuwa da ma'aikata, har aka fara lissafa agogo a sahun fili da dala.

Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne abin da ya biyo baya. Wannan tashin ya zo ne a lokacin annobar korona, sa'ad da kuɗin ruwa ya yi ƙasa a Amurka da Turai, masu hali suna zaune a gida babu tafiye-tafiye, kuɗin kirifto kuma yana ta yin sababbin attajirai. A watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa. Bitcoin, da ya kusa dala 69,000 a Nuwamban 2021, ya gangaro zuwa wajen 16,000 shekara guda bayan haka. Waɗanda suka tara agoguna don riba suka fito da su kasuwa lokaci guda, farashi ya karye, ya kuma ci gaba da sauka har fiye da shekara biyu. Wanda ya saya a farkon 2022, ko da agogonsa na gaske ne kuma bai taɓa ɗaura shi ba, da wuya ya mayar da uwar kuɗinsa a dala.

Ko a lokacin da kasuwar take ci, sunaye uku ne suka riƙe ta: Rolex, Patek Philippe da Audemars Piguet. A cikinsu ma wasu 'yan samfura ne kawai, galibi na ƙarfe, waɗanda shago ba ya sayar wa duk wanda ya shigo sai ya yi jira. Ƙarancin ne ke riƙe farashin. Sauran agoguna, har da masu kyau ƙwarai, halinsu halin sabuwar mota ne: da zarar sun fita ƙofar shago wani kaso na kuɗin ya tafi. Rado da alhazai suka riƙa dawowa da su daga Makka, agogo ne mai ƙarko da ba ya saurin karcewa, amma mai gyaran agogo a Babbar Kasuwar Katsina ba zai taya shi da abin kirki ba. Wannan ba aibi ba ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai wani ruɗi da ya fi shafar ɗan Najeriya, wato faɗuwar naira. A ɗauka mutum ya sayi agogon dala 10,000 a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 750 a hannun 'yan canji. Ya kashe naira miliyan 7.5. Bayan gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. A ce agogon ya sauka zuwa dala 8,000 a kasuwar duniya. A naira ya zama miliyan 12, sai mai shi ya riƙa ba abokai labarin ribar miliyan huɗu da rabi. Alhali da dalar ya ajiye a akwati, da miliyan 15 gare shi. Agogon ya kare shi daga wani ɓangare na faɗuwar naira, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ya caje shi dala 2,000 kuɗin gadi.

Duk wannan lissafi ne na wanda zai iya kai kayansa kasuwar duniya. Farashin da ake gani a Chrono24 na masu saye ne a Dubai da Landan da Hong Kong. Dillalin da Rolex ya amince da shi a Najeriya, Polo Luxury, shagunansa suna Legas da Abuja. Wanda ke Katsina da buƙata ta taso masa, kuɗin asibiti ko bashin da ya zo wuya, masu iya sayen agogonsa ba su da yawa, kuma akasarinsu sun san shi. Sayar da agogon hannu ga wanda ya san ka tamkar shela ce cewa abubuwa sun taɓarɓare. Shi ya sa ake bi ta hannun dillali a ɓoye, ya kai Kano ko Abuja, ya cire la'adarsa, shi ma mai saye ya rage nasa saboda ya gane an matsu.

Sannan ga jabu. Na yanzu sun kai matakin da ido ba ya rabewa, sai an buɗe bayan agogon a gaban gwani. Mai saye da ba shi da hanyar tantancewa yana kallon abin a matsayin cinikin biri a sama, don haka tayinsa na mai tsoro ne. Abin da ke rage masa tsoro shi ne kwali da katin garanti da rasit, kuma su ne abubuwan da aka fi zubarwa a gidajenmu tun makon farko. Goge agogo har ya yi ƙyalli kafin a sayar, wanda ake yi da kyakkyawar niyya, yana cinye kusurwoyinsa ya rage masa daraja wurin masana. Haka ma liƙa masa duwatsun da ba daga kamfani suka fito ba. Shi kansa Rolex ya ga girman matsalar amana, shi ya sa a Disamban 2022 ya fara shirin tantance agogunansa na hannu yana ba su shaida, a 2023 kuma ya sanar da sayen babban dillali Bucherer.

A nan ne zinare ya sha bamban, kuma matan Katsina sun daɗe da fahimtar haka ba tare da karanta rahoton kowane banki ba. Sarƙa ko awarwaro, ko ta karye, ko yayinta ya wuce, giram ɗinta yana nan. Za a cire kuɗin aiki, za a ɗan danne farashi, amma mai ita za ta fita shago da kuɗi a ranar. Namiji Musulmi kuwa shari'a ta hana shi ado da zinare, saboda haka mai kiyayewa agogon ƙarfe yake saye. Ya dace da irin wanda kasuwar duniya ta fi nema, amma darajarsa gaba ɗaya tana rataye ne a kan suna da samun mai so. Agogon zinare idan an rasa mai saye, ana iya kai shi wurin mai zinare ya cire injin da gilashin, ya auna abin da ya rage, ya biya kuɗin karat 18. Asara ce babba, amma akwai inda take tsayawa. Na ƙarfe idan aka ɗora shi kan wannan sikelin, nauyin da zai nuna bai kai kuɗin motar zuwa Kano ba.